Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Kare Muhalli: Kafin A Ƙara Mana Kuɗi, A Nuna Mana Lissafin Bara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da mambobin hukumar gudanarwa da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin wasu daga cikin mutanen da hukumarka ke karɓar kuɗi a hannunsu. A cikinmu akwai magidanta masu biyan kuɗin kwashe shara, akwai masu ƙananan masana'antu da ke sabunta lasisi duk shekara, akwai kuma mazauna bakin magudanar ruwa, waɗanda su ke fara kwana a tsaye duk lokacin da aikinku ya yi latti. Mun zauna mun tattauna, suka ɗora mini rubutun saboda aikin akanta na yi har na yi ritaya, kuma har yau idan aka ajiye mini takardar lissafi nakan gane wurin da ta yi magana da wurin da ta yi gum.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sanarwar da hukumar ta fitar cewa za ta ƙara kuɗin shara da na lasisi, saboda wai abin da ke shigowa ba ya isarta. Mai yiwuwa gaskiya ne, ba mu zo musu ba. Amma wanda ya ce tukunyarsa wayam take, yana neman a ƙara masa, abu mafi sauƙi a gare shi shi ne ya ɗaga murfi a leƙa. Murfin nan ne muka yi ta roƙo a ɗaga mana, har yanzu shiru.

Sau uku na taka zuwa ofishinku. Ranar farko na tambayi kwafin kasafin kuɗin hukumar na bara da rahoton abin da aka kashe. Wani matashi mai ladabi a teburin karɓar baƙi ya dube ni kamar na tambayi makullin gidansa, ya ce, “Baba, sai dai ka rubuto.” Na rubuto. Bayan mako biyu na koma, aka ce takardata tana sama. Na hau sama, aka ce oga ya tafi bita. Zuwa na uku wani jami'i a sashen kuɗi ya ja mini kujera, ya saurare ni da kyau, sannan ya yi mini tambayar da har yau take yi mini yawo a kai: “To, Alhaji, me za ka yi da shi?” Na ce karantawa zan yi. Ya yi dariya, ni ma na yi, na fito hannu rabbana. Ban riƙe shi a zuciya ba. Haka ya tarar da ofishin, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa takardar da ke cikin durowarsa ta mutanen da ke biyan albashinsa ce.

Tambayarsa tana da amsa, kuma duniya ta daɗe da ba da ita. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a Rio de Janeiro a 1992, ƙa'ida ta 10 cikin sanarwar taron ta ce kowane mutum ya samu damar ganin bayanan muhalli da ke hannun hukumomin gwamnati, ya kuma samu damar sa baki a shawarar da za a yanke. Yarjejeniyar Aarhus da aka sa wa hannu a Denmark a 1998 ta ƙara fito da abin fili ga ƙasashen da suka shige ta: mai neman bayani ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma a ba shi amsa cikin wata guda. Ƙasashen Latin Amurka da Karibiyan sun yi tasu a Escazú ta ƙasar Costa Rica a 2018. Ban kawo waɗannan don in nuna karatu ba. Na kawo su ne don a san cewa abin da na je nema ba rashin kunya ba ne.

Kokenmu na farko shi ne lamba ɗaya kawai muke ji, alhali lambobin uku ne. Duk wanda ya yi aikin kuɗin gwamnati ya san akwai abin da majalisa ta amince a ware, akwai abin da baitulmali ya saki a zahiri, akwai kuma abin da hukuma ta kashe. Lambar farko ce ake karantawa a rediyo ranar gabatar da kasafi, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin ukun, don alkawari ce kawai. Ana iya ware kuɗin yashe magudana a takarda, a saki rabinsu, rabin ma ya iso bayan damina ta wuce. Ana kuma iya sakin su cif, a karkatar da su zuwa wani abin. Daga waje duka biyun kamanninsu ɗaya: magudana cike da leda da yashi, ruwa a cikin ɗaki. Mutumin da katifarsa ke iyo ba shi da hanyar sanin ko ku aka hana kuɗi ko ku kuka hana aiki. Saboda haka yakan zaɓi zato mafi muni, kuma wa zai ga laifinsa?

A nan, ranka ya daɗe, ku ne rufa-rufar nan take cuta kafin ta cuce mu. Idan gaskiya ne baitulmali ke riƙe muku kuɗi, buga lambobin uku gefe da gefe shi ne babban lauyanku. Da mun gani da idonmu cewa kaso kaɗan aka sakar muku, da wannan wasiƙar ba ofishinka za ta nufa ba.

Koke na biyu shi ne wanda ya fi damuna, kuma zan ɗan daɗe a kansa, domin shi ya bambanta hukumarka da sauran hukumomi. Ma'aikatar ayyuka in ta ce ta gina gada, ana iya zuwa a tsaya a kan gadar. In ta ce ta gina aji shida, yaro ma zai ƙirga. Aikin muhalli kuwa yawancinsa ba ya barin shaida. Magudanar da aka yashe yau, bayan ruwan sama uku ta sake cika, babu mai iya rantsuwa cewa an taɓa sa mata shebur. Jujin da aka kwashe ranar Litinin ya dawo kafin Juma'a. Feshin magani iska ke tafiya da shi. Gwajin ruwan rijiya ko na hayaƙin masana'anta, in ba a buga sakamakonsa ba, daidai yake da ba a yi ba. Ziyarar sa ido da jami'i ya kai wata masana'anta ba ta da wata alama sai rahoton da ya rubuta da bauca, wato takardar shaidar biyan kuɗi, ta alawus ɗin da ya karɓa.

Wato a fagenku takarda ce kaɗai shaida. Ita ce gadar da za mu iya tsayawa a kai. Tsawon magudanar da aka yashe da ranar da aka yi, yawan sawun da kowace mota ta yi zuwa bola, nauyin sharar da aka zubar, litar man da aka sha: in waɗannan suna kulle a durowa, to aikin da aka yi da gaske da wanda aka rubuta kawai sun zama abu ɗaya a idon jama'a. Ma'aikacin da ya shiga kwata har gwiwa ya fito da laka, shi da ɗan kwangilar da bai taɓa zuwa wurin ba, sunansu ɗaya a bakin mutane. Wannan zalunci ne ga na farkon, gata ne ga na biyun. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin da ba a iya ƙirgawa bango ne da ya zo da tsagarsa tun daga gini.

Dashen itatuwa ya isa misali. Kowace shekara muna ganin hotunan manya sun durƙusa da sababbin shebur, ana faɗin dubban tsirran da aka dasa. Ba mu taɓa jin an dawo bayan shekara an ce ga adadin da suka rayu ba. A ƙasar Turkiyya an dasa itatuwa miliyan 11 a rana guda, ranar 11 ga Nuwamba 2019. Bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ce mafi yawan waɗanda ta duba sun mutu, gwamnati kuma ta musanta. Ko wane ne ke da gaskiya a cikinsu, an dai samu wanda ya koma ya duba, har aka yi gardama a kan lamba. Mu ko gardamar ba mu samu ba. Kuɗin dashe ya haɗa da sayen tsiro, da haƙa rami, da shinge, da ban ruwa na watannin rani, kuma ban ruwan nan shi ne ake fara cinyewa don babu mai ɗaukar hotonsa. Kasafin da ya faɗi kuɗin tsiro bai faɗi nawa suka kai shekara ba, rabin labari ya ba da.

Haka batun na'urorin auna gurɓatar iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska na sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 7 a duniya kowace shekara, saboda haka babu mai hankalin da zai ce sayen na'urar almubazzaranci ne. Amma na'ura tana buƙatar wuta, da gyara, da daidaita ma'auninta lokaci zuwa lokaci, da mutumin da zai karanta abin da ta nuna. An gaya mana an saya. Ina aka kafa su? Nawa ke aiki yau? Me suka auna a watan jiya? Uwar da ɗanta ke fama da asma tana da haƙƙin sanin ranar da ya kamata ta tsare shi a ɗaki, kuma da kuɗinta aka sayi abin da zai gaya mata.

Na uku, ɗan abin da muka samu gani na kasafin, ta hannun wani da ya tausaya mana, cike yake da manyan kalmomi masu faɗin ciki. “Wayar da kan jama'a.” “Sa ido da bibiya.” “Horar da ma'aikata.” “Sauran ayyuka.” A aikinmu irin waɗannan layuka buhu muke ɗaukarsu, kome aka zuba zai shige. Ba na cewa wayar da kai ba aiki ba ne. Amma taro nawa, a ina, mutum nawa, kuma nawa ya tafi ga ɗakin taro da masauki, nawa ya isa kunnen mai zubar da shara a kwata? Na kuma lura da layin sayen motocin kwashe shara da ke dawowa shekara bayan shekara da kalmomi iri ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Ko dai ba a taɓa sakin kuɗin ba ana ta maimaita roƙo, ko ana saya motocin na mutuwa, ko wani ne ke kwafe takardar bara ya canza shekara. Kowanne daga cikin ukun yana buƙatar bayani. Rajistar kadarorin hukuma, wadda ke nuna kowace mota da lambarta da shekarar sayenta da halin da take ciki, za ta kashe wannan magana cikin minti biyar.

Kuma kada a ce kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Rahoton Bankin Duniya na 2018 kan shara ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi harkar shara kan ci kusan kashi 20 cikin 100 na kasafin hukumomin birane, amma duk da haka fiye da kashi 90 cikin 100 na sharar a fili ake zubar da ita ko a ƙone. Kuɗi masu yawa, sakamako kaɗan. Duk inda aka ga haka, tambaya ta zama dole.

Na huɗu ya shafi ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wato kuɗin da ke shigowa. Hukumarka ba kashewa kawai take yi ba, tana karɓa: kuɗin shara, kuɗin lasisi, kuɗin duba rahoton tasirin aiki ga muhalli kafin a ba da izinin gini ko kafa masana'anta, da tarar da ake ci wa masu karya doka. Wani mai ƙaramar masana'anta a cikinmu ya kawo mana rasit uku na shekara uku. Ɗaya bugun kwamfuta ne, biyu rubutun hannu ne, ɗaya daga cikin biyun ma ba shi da lamba. Ya biya, bai yi gardama ba, domin wanda ya zo karɓa yana da ikon garƙame masa ƙofa. Abin da yake so ya sani kawai shi ne ko kuɗinsa sun isa asusun gwamnati ko a hanya suka kwana.

Tara tana da wata matsalar ta daban. Ƙa'idar da duniya ta yarda da ita, wadda ita ma tana cikin sanarwar Rio a ƙa'ida ta 16, ita ce wanda ya gurɓata shi zai ɗauki nauyin gyara. Ma'anarta kuɗin su koma ga gyaran ɓarnar. Idan aka ci masana'anta tara saboda ta zuba dagwalo a rafi, mutanen bakin rafin suna jiran su ga an tsabtace shi. In tarar ta shige cikin kuɗin gudanar da ofis, rafin na nan yadda yake, to an mayar da tara kuɗin haya: mai gurɓatawa ya biya, ya ci gaba. Mafi muni, hukumar da ke rayuwa da kuɗin masu laifi ba za ta so laifin ya ƙare ba. Ban ce haka ake yi a wurinku ba. Na ce babu abin da kuka nuna mana da zai hana a yi zaton haka. Jerin waɗanda aka ci tara, da laifinsu, da abin da aka yanke, da abin da suka biya, da wanda aka yafe wa da dalilin yafewar, bai kamata ya zama sirri ba. Sau da yawa a wurin yafewar nan ne ake cinikin.

Batun kwangila ba sai na tsawaita ba, kowa ya san shi. Muna ganin allo a bakin aiki ɗauke da sunan hukuma da na kamfani, babu kuɗin aikin, babu ranar gamawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003, a sashe na 9, ta nemi ƙasashe su gina sayayyar gwamnati a kan gasa da bayyana bayanai ga jama'a. Ƙasar Yukren ta wajabta wa hukumominta tallata kwangiloli a dandalin intanet na ProZorro tun 2016, inda kowa ke iya ganin wanda ya nema, da farashin da ya sa, da wanda ya ci. Mu ba mu nemi dandali mai tsada ba. Shafi ɗaya a intanet da kwafi a allon sanarwa na ofis sun wadatar.

Akwai kuma abin da ke ba ni haushi na musamman, ka yi haƙuri in faɗe shi. Hukumomin muhalli na cikin waɗanda suka fi samun tallafi da rance daga waje, musamman tun da batun sauyin yanayi ya ɗauki hankalin duniya. Duk wanda ya taɓa aiki da irin waɗannan kuɗi ya san masu bayarwa ba sa wasa: rahoto duk bayan wata uku, bauca bayan bauca, mai binciken kuɗi daga waje duk shekara. Ma'aikatanku suna cika waɗannan takardu, kuma a kan lokaci, don in an yi latti kashi na gaba ba zai zo ba. Ashe iyawar tana nan. Baƙon da ke wata nahiya ya san abin da aka kashe a kan magudanar ƙofar gidana har zuwa ƙwandala ta ƙarshe, ni da zan biya rancen da harajina ana tambayata me zan yi da takardar.

Sai rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi. Ƙungiyar International Budget Partnership, wadda tun 2006 take auna yadda ƙasashe ke bayyana kasafinsu, tana duba takardu takwas, daga sanarwar share fage kafin kasafi har zuwa rahoton bincike. A ma'auninta, rahoton binciken da bai fito cikin wata 18 bayan ƙarshen shekarar kuɗi ba, ana lissafa shi kamar ba a fitar ba. Hikimar a fili take. Rahoton da ya fito bayan shekara huɗu ya tarar an yi wa jami'in canjin wurin aiki, kamfanin ya canza suna, motar ta zama kwarangwal a bayan ofis. Muna so mu san shekarar ƙarshe da aka binciki asusun hukumarka, da tambayoyin da mai binciken ya yi, da amsar da kuka bayar.

Na san abin da akan ce idan an zo nan, don na zauna a ɗakunan da ake faɗinsa. Akan ce talaka ba zai gane lissafi ba. Wannan magana tarihi ya ƙaryata ta. A jihar Rajasthan ta Indiya, a tsakiyar shekarun 1990, ƙungiyar MKSS ta ma'aikata da manoma ta riƙa samo takardun biyan leburori na ayyukan gwamnati tana karanta su da ƙarfi a dandalin ƙauye. Mutanen da ba su iya karatu ba su suka riƙa miƙewa suna cewa wane da aka ce an biya ya daɗe da rasuwa, aiki kaza da aka ce an gama ba a taɓa fara shi ba. Wannan gwagwarmaya na cikin abin da ya haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005. A Yuganda, binciken da aka yi ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 ne kawai na tallafin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare ke isa gare su. Gwamnati ta fara buga abin da take aikawa a jaridu, aka umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allo. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. An yi wasu gyare-gyaren a lokacin, ba bugawar kaɗai ba ce, amma masu binciken sun lura cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida sun fi amfana. Mai shago a bakin kwata ba ya buƙatar digiri kafin ya ce maka ba a yashe ta a watan da takarda ta ce an yashe ba. A kan wannan tambayar ya fi kowane akanta sani, har da ni.

Akan kuma ce 'yan adawa da 'yan jarida za su ɗauki lambobin su yi ta yamaɗiɗi. Za su yi, babu shakka. Amma yanzu ma suna yi, da lambobin da suka ƙirƙira, kuma ba ku da abin kare kanku. Akan ce akwai sirrin kasuwanci. Akwai, ɗan kaɗan, kamar dabarar da kamfani ke haɗa kayansa. Kuɗin da gwamnati ta biya kamfani don ya kwashe juji ba ya cikinsu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A dakatar da ƙarin kuɗin shara da na lasisi har sai an buga lissafin shekara uku da suka wuce: abin da aka ware, abin da aka saki da ranar da aka sake shi, da abin da aka kashe, layi bayan layi, ba a dunƙule ba. In lambobin sun nuna ƙarin ya zama dole, za mu biya, kuma ni da kaina zan tsaya gaban mutanen da suka aiko ni in yi musu bayani.

Daga yanzu a riƙa fitar da rahoton kashe kuɗi duk bayan wata uku, kuma kowane layi ya zo da abin da kuɗin suka saya: mita nawa na magudana da sunan layin da take, sawu nawa na mota, ziyarar sa ido nawa da sakamakonta, tsiro nawa aka dasa, nawa suka rayu bayan shekara. A sanar da jadawalin yashe magudanu kafin damina, don mazauna wurin su zama shaida ranar da aka zo da ranar da ba a zo ba.

A hana karɓar kuɗi hannu da hannu. Duk biya ya bi ta banki zuwa asusun da aka sanar, rasit ya zama mai lamba da za a iya tantancewa. A buga jimlar kuɗin shiga wata-wata bisa nau'insu, tare da rajistar tara da ta yafiya, a kuma faɗi inda kuɗin tara ke tafiya.

Kowace kwangila a bayyana sunan kamfanin, da kuɗinta, da wa'adinta, da abin da aka biya zuwa yanzu, a intanet da kuma kan allon da ke bakin aikin. Rahotannin da ake aika wa masu ba da tallafi da rance a sa su a wuri ɗaya da sauran, tun da an riga an rubuta su, ba wani sabon aiki ba ne. Haka rahoton mai binciken kuɗi na ƙarshe da amsoshinku, da rajistar motoci da na'urori.

A taƙaita kasafin a shafi biyu da harshen da mutane ke ji, a karanta shi a rediyo, sannan a kira taron jama'a sau ɗaya a shekara kafin a miƙa sabon kasafi, ba bayan an gama ba. A kuma naɗa jami'i guda da aka san sunansa da teburinsa, wanda aikinsa shi ne karɓar buƙatar bayani da amsa ta cikin wa'adin da doka ta tsara, ba tare da ya tambayi mai nema me zai yi da ita ba. In ana neman wanda za a ba, jami'in nan da ya ja mini kujera yana da haƙurin aikin.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar doka ko ƙarin kasafi. Takardun suna nan, sa hannunka kawai suke jira. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ba mu zargi kowa da sata a wannan wasiƙa ba. Kuɗi muka biya, ana neman mu ƙara, muka ce a nuna mana inda na farkon suka shiga.

Na kai kwafin wasiƙar nan ofishinka da hannuna, an buga mini hatimin karɓa da kwanan wata a kan nawa kwafin. Na kuma aika ɗaya ga kwamitin majalisa mai kula da muhalli, ɗaya ga ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi. Nan da kwana 30 za mu sake zama da mutanen da suka aiko ni, kuma duk amsar da ta zo daga gare ka zan karanta musu ita kalma bayan kalma, in kuma buga ta a inda na buga wannan.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon akanta, a madadin masu biyan kuɗin shara da lasisi da mazauna bakin magudana.